Ku Tambaya Mu Amsa: shigo da garin deksa da 'yan uwansa, me kwastan da NAFDAC suke nema?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan rabinsu a kan abu ɗaya ne, wato garin maganin nan na dangin kotizon, irin su deksametason da muke cewa deksa, da firedinisolon, haidirokotizon, betametason da kilobetasol. Na zaɓi guda biyar, na rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da shagon kemis a Kano shekara 9 kenan. Wani ɗan Indiya da muka haɗu a WhatsApp yace zai turo min garin deksa durom ɗaya mai kilo 25 a farashi mai sauƙi, in riƙa aunawa ina saidawa masu buƙata. Yace in tura rabin kuɗi kawai, sauran in kaya sun iso. Wane takardu zan nema? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji dan Allah kar ka tura ko sisi tukuna, zauna muyi lissafi. Ƙwayar deksa da kake saidawa a shago yawanci miligiram 0.5 ce. Kilo ɗaya miligiram miliyan ɗaya ne, kaga kenan kilo ɗaya na garin zai fidda ƙwaya miliyan 2, durom ɗinka mai kilo 25 kuma ƙwaya miliyan 50. Toh su waye masu buƙatar da zaka riƙa aunawa? Kamfanin da yake buga ƙwaya bazai taɓa siya a hannunka ba, don shi kansa sai ya nuna wa NAFDAC daga wace masana'anta garinsa ya fito. Waɗanda zasu rage maka su ne masu haɗa sha ka fashe, da masu haɗa man bilicin, da masu zuba shi cikin maganin gargajiya na ciwon gaɓoɓi a ce wai sirrin kakanni ne. Nasan ba niyyarka kenan ba amma can kayan zasu tafi.

Yanzu maganar doka. Lasisin kemis da kake da shi na magungunan da ake saidawa ba tare da takardar likita bane, ko ƙwayar deksa ɗin ma asali bata cikin abinda ya halatta maka, balle garinta. Wanda ake ba izinin shigo da sinadarin asali, wato garin da ake haɗa maganin da shi, shine kamfanin da yayi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yake da wurin da hukumar PCN ta masu harhaɗa magunguna ta duba ta bashi lasisi, yake da famasist mai lasisi wanda sunansa ke kan komai kuma shi za a kama in abu ya lalace, sannan ya samu izinin shigo da kaya daga NAFDAC. Izinin nan ba buɗaɗɗe bane, ana rubuta sunan sinadarin da adadinsa, kuma sabunta shi ake yi. Zasu so su ga wane magani naka mai rajista zaka haɗa da shi, ko wane kamfani mai rajista zaka kaiwa.

Daga ɓangaren mai turowa kuma akwai takardar gwaji ta wannan rukunin da aka zuba maka, wadda ake cewa COA, mai ɗauke da lambar rukuni da ranar da aka yi shi da ranar ƙarewa ko sake gwaji, akwai shedar cewa masana'antar tana bin ƙa'idar GMP ta haɗa magani cikin inganci, akwai takardar da ke bayanin haɗarin sinadarin da yadda ake ajiye shi. Kuma tunda Indiya ce, kayan magani daga Indiya da Sin NAFDAC tana da wakilai a can da suke dubawa su gwada kafin a loda, su bada takardar da ake kira CRIA. Ka tambayi mutumin naka wannan takardar kawai kaji yadda zai fara kwana-kwana.

Sai bayan duk wannan ake zuwa banki a buɗe Fom M, wato takardar da mai shigo da kaya ke cikewa ya bayyana kayansa, da lambar haraji ta TIN da takardar farashi da inshora. Abinda mutane da yawa basu gane ba shine Fom M kafin a loda kaya ake buɗe shi, ba sai jirgi ya taso ba. In takardun jirgi sun iso kwastan su fidda PAAR, wato kimar da suka yi wa kayan da harajin da za a biya, ejan mai fiton kaya ya shigar da bayani, a biya, a buɗe kaya a duba, jami'an NAFDAC na tasha su buga hatiminsu su ɗebi samfur zuwa ɗakin gwaji, babban nasu na magani yana Yaba a Legas. Kowane mataki yana dogara ne da wanda ya gabace shi, in ka tsallake na farko duk sauran basa buɗuwa, kaya na zaune a tasha kuɗin ajiya da na jinkirin kwantena na hawa kullum kamar ruwan dam a watan Agusta.

Bari in baka abinda na gani da idona. Wani ƙaramin kamfani da na taɓa yi wa aiki, komai nasu daidai, izini akwai Fom M akwai, amma da aka buɗe kwali sai aka ga lambar rukunin da ke jikin durom ta bambanta da ta kan takardar gwaji da harafi ɗaya tak. Jami'ar da ke dubawa ta ɗora yatsa a kan lambar ta kalle mu tace wannan takardar ba ta wannan durom bace. Mai kamfanin har da gumi yana cewa kuskuren bugu ne, kuma ƙila gaskiyarsa ne, amma sai da aka koma wa masana'antar suka gyara a hukumance aka gwada garin sannan aka saki, sati kusan bakwai. A ranar na ji haushi sosai. Daga baya da na natsu sai naga matar nan tana da gaskiya, farin gari duk kamarsu ɗaya, ba zaka bambance deksa da sitaci da ido ba, ita wannan lambar ce kaɗai igiyar da ta ɗaure durom da gwajin da aka yi masa.

Kuma mu a ƙasar nan mun biya kuɗin wannan darasi da rayukan yara. A 2008 maganin haƙorin jarirai na My Pikin ya kashe yara aƙalla 84, ba don komai ba sai don sinadarin da aka narka maganin da shi ya zo da guba mai lalata ƙoda, an siyo shi ta hanyar da ba a tantance ba. Kafin nan a 1990 yara sama da 100 sun rasu a Jos da Ibadan ta irin wannan hanya da ruwan farasitamol. Shi yasa in naji ana cewa NAFDAC takarda kawai suke so sai inji ba daɗi.

In da gaske kana son shiga harkar, hanya a buɗe take, ka yi rajistar kamfani ka ɗauki famasist ka fara da rarraba magani gamamme mai lambar NAFDAC. Kai da kake Kano ka fini sanin yadda aka rufe shagunan magani na Sabon Gari a Fabrairun 2024 aka ce kowa ya koma kasuwar magani ta Ɗangwauro a titin Zariya, alama ce cewa zamanin saida magani kamar gero yana wucewa. Shi kuma abokin naka na WhatsApp, masana'antar kirki bata neman kwastoma ta haka.

TAMBAYA: Shin deksa tana cikin ƙwayoyin da NDLEA ke kamawa irin tiramol da kodin? Kuma ita ce wadda masu ɗaga ƙarfe suke sha? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: A'a ƙanena, duka biyun a'a. Dangin kotizon basa sa maye, ba a jerin su tiramol suke ba, hurumin NAFDAC da PCN ne. Amma magani ne da sai likita ya rubuta, kuma shigo da shi ba izini laifi ne mai zaman kansa, dokar jabun magunguna ta 1999 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ko tara ko duka. Na masu ɗaga ƙarfe wani dangi ne daban mai kwaikwayon sinadarin mazantaka, a Turanci ne ake kiran duka biyun steroid amma aikinsu daban. Deksa in ka daɗe kana sha ma narkar da tsoka take yi, ta tara kitse a fuska da ciki da ƙeya ta bar ƙafa siririya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe muna da ƙaramar masana'antar magani kuma takardunmu cikakku ne. Ejan ɗinmu ya bamu shawara wai mu rubuta betametason a matsayin kemikal na masana'anta kawai, don kaya su fita da wuri ba tare da NAFDAC ta tsaya dubawa ba. Yace kowa haka yake yi. Me kake gani? Daga wani manaja a Kaduna.

AMSA: Yallaɓai ka canza ejan, wlh da gaske nake. Kwastan na duniya gaba ɗaya suna aiki da lambar kaya da ake cewa HS, kuma waɗannan sinadaran suna da gidansu sananne a ƙarƙashin 2937. Kotizon, haidirokotizon, firedinison da firedinisolon suna 2937.21, su kuma deksa da betametason da kilobetasol suna 2937.22, in kuma an riga an buga shi ƙwaya ko an zuba a kwalbar allura don saidawa ya koma 3004.32. Lambar nan ita ke faɗa wa kwamfutar kwastan nawa ne haraji da kuma wace hukuma ce zata sa hannu. Mai turo maka kaya a can shima da wannan lambar ya fidda su daga ƙasarsa, tana kan takardunsa, to ranar da aka haɗa nasa da naka aka ga saɓani me zaka ce? Bayanin ƙarya ga kwastan a ƙarƙashin dokarsu ta 2023 yana kai ga ƙwace kaya da tara har da kotu, kuma sunan kamfaninka ne a kan Fom M ba na ejan ba, shi ya kashe waya ya tafi abinsa. Ko kaya sun fita lafiya baka tsira ba, akwai binciken da kwastan ke biyo baya da shi bayan an saki kaya, sannan ranar da masu duba masana'anta na NAFDAC suka zo suka ce nuna mana ta inda wannan durom ya shigo, babu hatiminsu a kai, duk maganin da ka haɗa da shi ya shiga matsala.

Abin da ya fi bani mamaki ma, kai da kake masana'anta gaskiya ce ke da riba a wajenka. A watan Yunin 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya cire harajin shigowa da VAT a kan sinadaran haɗa magani da wasu kayan aikin masana'antun lafiya na tsawon shekara 2, ga kamfanonin da ma'aikatar lafiya ta tantance. Irin wannan sauƙin da lambar kaya ta gaskiya ake samunsa, in ka ɓoye kayanka a sunan kemikal kai ka fidda kanka daga layi. Ka duba matsayin kamfaninku a wannan tsarin da wa'adinsa kafin ka buɗe Fom M na gaba. In kuma saurin fita ne damuwarka, abinda ke kawo sauri shine sunan sinadari, lambar rukuni, nauyi da sunan masana'anta su zama iri ɗaya sak a kan izini da takardar farashi da takardar jirgi da COA da jikin durom. Ka sa a turo maka hoton lakabin durom kafin a loda, ka zauna da famasist ɗinku ku bi harafi harafi. Minti 20 ne.

TAMBAYA: Malam ni ina haɗa man gyaran jiki na amare ina saidawa a Instagram, Alhamdulillah ina samu. Naga ana tallan garin kilobetasol daga Sin, rabin kilo, wai ana sakawa a mai fata tayi haske cikin sati ɗaya. Tunda kaɗan ne kuma ta kago zai zo, sai na nemi izini? Daga wata 'yar uwa a Sakkwato.

AMSA: Hajiya na gode da kika tambaya kafin ki siya, da yawa basa tambaya. Amsar a taƙaice: ƙanƙantar kaya bata cire shi daga doka, ko ta kago ko ta jakar matafiyi sinadarin magani ne, kuma ba za a baki izini ba don kilobetasol ba kayan kwalliya bane, saka shi a man shafawa haramun ne a ƙa'idar NAFDAC. Amma ni ba kamun ne ya fi damuna ba.

Rabin kilo da kike ganin kaɗan ne, man kilobetasol na asibiti kashi 0.05 cikin ɗari ne, ma'ana kilo guda na mai rabin giram kacal na garin ke ciki. Rabin kilon nan naki zai haɗa tan guda na mai. Kuma wannan na asibitin ma yana cikin mafi ƙarfi da ake da su, likita kan bada shi ne na sati 2 zuwa 4 a shafa a inda ciwon yake kawai, banda fuska. Ke kuma da cokali zaki ɗiba ki juya a roba, wani gefen ya fi wani yawa, amarya ta shafe jiki tun daga goshi har tafin ƙafa safe da dare. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, toh a nan ido bai san komai ba.

Hasken da ake gani a satin farko gaskiya ne, jijiyoyin jini ne na fata suke tsukewa kuma launi ya ragu, shi yasa kasuwar take ci. Abinda ke biyo baya shi ba a sa shi a hoton talla. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wajena da yamma ta jira sai da mutane suka watse sannan ta ɗan ɗaga hannun hijabi, damtsenta duk ya tsattsage da jan nankarwa mai faɗin yatsa, fatar tayi siriri har kana ganin koren jijiya, ga makero ya bazu a wuya yaƙi jin magani, tace in ta daina shafawa kwana biyu jikin sai ya ɗau zafi da ƙaiƙayi kamar an zuba barkono. Shekararta bata fi 24 ba. Nankarwar nan bata komawa. Kuma maganin yana ratsa fata ya shiga jini, ya kawo hawan jini da ciwon suga, ya sa jiki ya daina ƙera nasa sinadarin mai irin aikin kotizon, in anyi mata tiyata ɗinki ya ƙi kamawa. Mai shayarwa kuma jaririnta na manne da wannan fatar duk yini. Ba banza ba NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa a 2023.

Haka zancen yake ga sha ka fashe da 'yan mata ke sha kafin biki, kumatun da ke cikowa ruwa ne da kitsen cuta, kallon kitse ake wa rogo. Duk wadda ta daɗe tana sha ko tana shafawa kar ta yanke lokaci ɗaya, hakan na iya jefa ta cikin haɗari babba, taje asibiti a rage mata a hankali.

Sana'arki mai kyau ce ki riƙe ta, man kaɗanya, kurkum, dilka, lalle, man ridi duk suna nan, kuma NAFDAC na yi wa ƙananan masu sana'a rajistar kayan kwalliya. Ki nemi lamba ki manna a robarki.

TAMBAYA: Mahaifina yana shan firedinisolon saboda ciwon ƙoda, a Masar aka rubuta masa. Zan dawo da na wata uku a jaka, akwai matsala a filin jirgin Malam Aminu Kano? Sannan wani yace nan gaba in riƙa sa direbobi su kawo min ta Maraɗi ya fi araha. Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya. Maganin mara lafiya na kansa daban yake da kayan kasuwa. Ka barshi a cikin kwalinsa na asali kar ka juye a leda, ka riƙe takardar likita da rahoton asibiti mai sunan Baba a jakar hannu, adadin ya dace da abinda aka rubuta, in an tambaye ka ka nuna ba ɓoye-ɓoye. Inda mutane ke samun matsala shine a cika akwati da kwalaye da yawa na mutum biyar a ce duk na gida ne.

Zancen Maraɗi kuma ka barshi. Tun zamanin marigayiya Dora Akunyili, tsohuwar shugabar NAFDAC, aka hana shigo da magani ta iyakokin ƙasa, duk abinda ya biyo ta Jibiya ko Kongolam ko Maigatari a bayan mota fasa ƙwauri ne a idon kwastan ko da maganin na gaske ne, kuma kai baka san kwana nawa yayi a rana ba ko daga ina ya taso. Firedinisolon miligiram 5 ba magani bane mai wuyar samu a Najeriya kuma bashi da tsada, ka kai takardun Masar ɗin wajen likitan ƙoda a nan Katsina ko Kano ya ci gaba da duba shi ya riƙa rubuta masa, ka siya a famasi mai rajista ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa a jikin kwali. Ka lissafa ranar da na hannunku zai ƙare ka nemo wani tun saura sati biyu, don mai irin ciwon Baba bai kamata ya tsallake ko kwana ɗaya ba sai da izinin likitansa.